Robar Ƙirjin Yaya Kiyari

Tun da na dawo daga Kano ba a bar ni da tambaya ba. Mutum zai zo sayen sukari ko ganyen shayi a teburina, ya yi mini gaisuwar rashi, sannan ya ce, to Bukar, yaya Kanon take? Ban ga laifin kowa ba. Yawancinku ba ku taɓa wuce Damagaram ba, ni ma da wani ne ya je da na tambaye shi. Sai dai duk sa'ad da na fara bayani, maganar takan maƙale mini a tsakiya. Shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya da ɗan karatun da na samu a lakwal, makarantar boko, wanda ya iya ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma a bar ni in auna sukarina.

Saboda wanda bai san mu ba, Yaya Kiyari wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Garka yake yi a wani kwari gabas da Gure, albasa da alkama da 'yan itatuwan dabino. Ko a shekarun farin nan da dabbobi suka ƙare, garkarsa ba ta mutu ba, don ya san ruwa. Zai ja jigo ya cika fangali, ya toshe bakinsa da laka, ya buɗe na gaba. Yakan ce ruwan da bai san tsayawa ba saiwa yake ruɓarwa. Kuma tun tasowata ban taɓa ganinsa kwance da rana ba.

Bayan kaka zazzaɓi ya kama shi, ya ƙi sauka. Da cikinsa ya kumbura ya yi tauri, majo, babban ma'aikacin likitarmu, wato ɗan asibitinmu na Gure, ya ce a kai shi Damagaram maza. Muka sami wani kamyo, babbar motar ɗaukar kanwa, aka shimfiɗa masa tabarma a kan buhuna. Matarsa Fanna ba ta iya bin mu ba, ga yara, ga tsohuwarmu. Tana ɗaure kaya na ga ta sa babbar rigarsa ta Salla, shuɗiya. Na ce mata likita za mu, ba biki ba. Ta ce ranar da aka sallame shi ba zai shigo gari da tsumma ba.

Kamyon ya kafe cikin rairayi kafin Gidimuni, inda ake aikin hanya aka karkatar da motoci. Kowa ya sauka turi, Yaya yana can sama yana gaya wa shofer mai tuƙa mu ya sa kaba ƙarƙashin taya. Shofer ya ce, Malam, kai da aka ɗauko a kwance? Yaya ya ce bakinsa ba a kwance yake ba.

A Damagaram aka ce hanjinsa ya huje, aka yi masa aiki. Har ya fara shan kunu, sai gefen ɗinkin ya buɗe, abin da ya sha ya riƙa fitowa ta nan. Lokotoron da ya yi aikin, wani likita Bature mai tsintar Hausa, ya kira ni waje. Ya ce hujin yana iya rufewa da kansa in an bar hanjin ya huta, kada ya ci, kada ya sha, a ciyar da shi ta jijiya har naman ya haɗu. Ya ce irin ruwan abincin nan da robar da ake sa shi ba su da su, sai Yamai ko Kano. Na zaɓi Kano don ta fi kusa, kuma muna da mai masauki a can, Alhaji Lawan, mutumin Gure da ya daɗe a Fagge yana dillancin kanwa da dabino.

Daga Damagaram muka shiga ƙaramar mota mai tanti a baya, na biya masa wurin kwanciya. Wata tsohuwa mai kai kauɗar tumatir Kano ta zauna kusa da kansa, tana kore masa ƙuda da gefen zanenta tun daga Takeita har muka wuce Matamai. Ban tambayi sunanta ba, abin yana damuna har yau.

A kan iyaka jandarmominmu suka duba takardar lokotoro suka ce mu wuce. A ɗaya gefen ne aka daɗe. Suka nemi katin lamba, shaidar rigakafi, ni kuwa na adana namu cikin ganyen goro don kada su ɓace, danshi ya sa tambarin ya bazu kamar an zubar da shuni. Ma'aikacin yana juya katin yana magana da Ingilishi, ni ina amsawa da guntun Faransanci, sai da muka gaji sannan muka gane dukanmu Hausa muke ji. Daga nan ya nuna ƙunshin audugar da aka ɗaure cikin Yaya da shi ya ce a kwance, wai mutane suna ɗaura taba da yadi a ciki su yi kamar marasa lafiya. Yaya da kansa ya ɗaga zanen. Mutumin ya ja da baya, ya ce sannu Baba, Allah ya sawwaƙe. Shi ya ɗage mana sandar da hannunsa.

Daga Daura hanya ta yi kyau, shofer ya saki mota, iska ta ɗauke mini hula wajen Kazaure. Na buga masa ya tsaya, ya ce a Nijeriya ba a tsayawa don hula. Haka na shiga Kano kai ba hula, kamar wanda aka koro.

Abin da ya fara damuna a Kano ƙara ce. Kekuna, babura, manyan motoci, kowa yana busa, ba mai sauraron wani. Mu nan in ka gamu da mutum sai ka tsaya, ka tambayi gida da yara da gajiya da ruwan rijiya. Su a tafe suke gaisawa, kafin ka amsa ta farko mutum ya sha kwana. Ina buɗe baki sai a ce, a'a, Bafaranshe ne, a maimaita abin da na ce ana dariya. Ba da mugunta ba ne.

Alhaji Lawan ya karɓe mu hannu bibbiyu. Zaurensa cike yake da buhunan kanwa da fatake 'yan Damagaram, nan aka ba ni tabarma. Abincinsu shinkafa da manja, ja wur, wanda ya wanke mini ciki kafin in saba. Akwai kuma garin rogo da ake jiƙawa a sa sukari. Ranar da aka fara miƙo mini na ɗauka dussa ce aka manta ba a kai wa tumaki ba. Na yi kewar burabuskonmu. Amma ko me aka kawo ban ci da daɗin rai ba, ina tuna akwai wanda ko ruwa an hana shi.

Asibitin bene ne, da wani ɗan ɗaki na ƙarfe da ke hawa da mutane sama. Da aka tura gadon Yaya ciki, ƙofa ta rufe, ƙasa ta motsa, na kama salati har mai tura gadon ya yi dariya. A likitarmu dangi suna shimfiɗa tabarma gindin gadon mara lafiya, su yi girki a bakin ƙofa. Can sai an kaɗa ƙararrawa ake shiga, a sake kaɗawa a fita. Masu jinya suna waje ƙarƙashin itatuwan dogon yaro da tukwanensu. Ni an yi mini sassauci, don in ciwo ya tsananta Hausar Yaya takan gudu ya koma Barbarci, ba mai fassarawa sai ni.

Shugabar ɗakin sunanta Sista Rifkatu, Kirista ce daga kudancin Zariya, gajeriya, mai kaifin murya, Hausarta ta fi tawa. Ta nemi jijiya a hannuwan Yaya ta rasa, duk sun ƙone da allura, ya kuma rame har fata ta manne da ƙashi. Ta ce ko da an samu, ruwan abincin yana da ƙarfi, ƙananan jijiyoyi ba sa ɗaukarsa. Washegari likitoci suka karkata gadon, kai ƙasa ƙafa sama, suka soka allura ƙarƙashin ƙashin nan da ya gitta daga wuya zuwa kafaɗa, ta dama. Suka zura wata siririyar roba da ba ta fi tsinken tsintsiya kauri ba, suka ɗinke ta da fata, aka kai shi hoto don a ga inda bakinta ya tsaya. Aka ce yana cikin babbar jijiya, dab da zuciya.

Da aka dawo da shi, Sista ta kira ni gaban gadon, ta sa na fassara masa ko da yake yana ji.

"Baba," in ji ta, "wannan robar ita ce abincinka, ita ce ruwanka. In ta zauna lafiya har cikinka ya rufe, za ka koma gida da ƙafarka. Abu biyu ke kashe ta, datti da tsayawa. Kada hannun kowa ya taɓa ta, har naka. Kada kuma ɗigon nan ya tsaya. In ya tsaya, jini zai shigo cikinta ya daskare."

Yaya ya tambaye ta, ko hutu babu? Ta ce babu. Ya dubi kwalbar da ke rataye a sandar ƙarfe, ya ce mini da Barbarci bai taɓa ganin shukar da ake ba ruwa haka ba. Wannan ban fassara mata ba.

Na ga aiki a wurin matar nan. Ranar canza auduga takan sa a rufe tagar da ke kusa, ta wanke hannu har gwiwa, ta fi mai alwala daɗewa, ta ɗaure baki da hanci da ƙyalle, ta sa safar hannu. Yaya zai juya fuska hagu, ba magana, ba tari. Ta ɗaye tsohuwar audugar a hankali, ta duba wurin ko ya yi ja, ko ya kumbura, ko yana ruwa. Ta shafa jan magani daga bakin robar tana zagayawa waje, ba ta komawa inda ta wuce. Doguwar robar da ta sauko daga kwalba kuwa kullum ake canza ta. Lokacin nan sai ya kwanta rigingine ba matashi, ya ja numfashi ya riƙe, ita kuma ta cire ta haɗa da sauri, don in iska ta shiga jijiyar tana iya kashe mutum nan take. Takan ja da sirinji ta ga jini ya taho, sannan ta tura ruwan gishiri mai maganin hana jini daskarewa. Ba ta yarda a ɗebi jini ko a yi wata allura ta nan ba, ko wa ya ce ya fi sauƙi. Safe da yamma ana sa masa ma'aunin zafi. Wanka sai da jiƙaƙƙen tsumma, nesa da ƙirjin. Ni aikina ɗaya, in sa ido kan ɗigon, in kwalba ta kusa ƙarewa in kira su tun ba ta ƙare ba.

A gadon da ke kusa akwai wani dattijon Bafulatani, Jauro, da mota ta karya wa cinya, an rataye ƙafarsa da igiya. Da ya ji Yaya Babarbare ne sai ya sami abin yi. Kun san wasan da ke tsakaninmu da su. Kullum da safe zai ce, "Bawana, an ɗaure ka a turke kamar ɗan akuya, ka kwana lafiya?" Yaya ya ce, "Gara ni, ta wuya aka ɗaure ni. Kai ta ƙafa, kamar jakin da ya saba shiga garkar mutane." Duk ɗakin a yi dariya. Amma na lura maganar turken tana taɓa shi, ko da ya rama.

Jikin doguwar robar akwai wani ɗan maƙulli da ake murzawa da babban yatsa, a ƙara gudun ɗigon ko a rage. Yaya ya kalli yadda suke yi har ya gane. Wata rana da azahar na dawo daga alwala na tarar ɗigon ya tsaya, jini ya hau cikin robar kamar tsawon yatsa. Yaya ya ce jikinsa ya ƙoshi, ƙafafunsa sun yi nauyi, ya toshe ne ya ɗan tsotse kafin a sake buɗewa. Na ruga na kira Sista. Ta zo da sirinji ta ja a hankali, ta saki, ta sake ja, har wani ɗan gudan jini kamar zare ya fito. Na ce mata da ta tura da ƙarfi ai da ya wuce, haka muke yi wa hanyar ruwa in ta toshe. Ta ce in ta tura, huhunsa gudan zai tafi. Sannan ta juya ga Yaya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce in zai yi salla, ko ya ji nauyi, ya kira ta ko sau nawa ne, ita ta san yadda za ta yi, amma yau an dace, kuma ba kullum ake dacewa ba. Ya ce ya ji. Da ta tafi ya ce mini 'yar nan ta san aikinta, sai dai ba ta taɓa ban ruwa ba.

Makonni suka wuce, abin ya fara kyau. Kumatunsa suka ciko, ruwan da ke fita daga cikin ya ragu, har auduga takan wuni ba ta jiƙe ba. Likita ya ce in aka ci gaba haka, ba da daɗewa ba za a gwada shi da ruwa cokali-cokali. Yaya ya fara zancen irin albasa, wai lokacin dashe yana wucewa.

Ran wata Asabar Alhaji Lawan ya gaya mini gobe zai kawo mutane dubiya, fataken Gure da na Damagaram da suka sauke kaya, jibi kuma kamyonsu zai koma. Na kai wa Yaya labarin ina murna. Shi kuwa sai ya tambaye ni su wane ne. Da na faɗa masa, ya ce duk abin da mutanen nan suka gani shi za su fara saukewa a kasuwar Gure kafin kaya, kuma shi zai isa kunnen Fanna da tsohuwa.

Lahadi Sista Rifkatu ba ta aiki. Da aka kusa kaɗa ƙararrawa ya sa na ciro masa shuɗiyar rigar, ya ce yafawa kawai zai yi a kafaɗa. Sannan ya ce ba a yi baƙi su zo su tashi baki a bushe ba, ko a asibiti ne. In je in sayo goro mai kyau, fari, ba na bakin ƙofa ba, da lemon kwalba. Na ce ɗigon fa? Ya ce, "Ɗigo ba ya gudu. Kai dai je ka." Wana ne. Na tafi.

Farin goron sai da na kai kasuwa, a dawowa kuma na shiga motar da ba ita ba, ta kai ni wata unguwa da ban sani ba. Sa'ad da na iso rana ta yi sanyi, baƙi sun kewaye gadon, manyan riguna sun yi masa katanga. Yaya yana zaune a tsakiya, ya tanƙwashe ƙafa, riga har wuya, hula a kai, yana ba su labarin kafewar kamyonmu suna dariya. Tun da muka bar gida ban gan shi da kyau kamar ranar ba. Na raba goro, na buɗe lemo. Sai da na ɗaga kai na ga sandar ƙarfen ba kwalba.

Daga baya Jauro ya gaya mini yadda aka yi. Ina fita Yaya ya murza maƙullin, ya sauke kwalbar, ya zura ta ta hannun riga yadda ya ga ana yi in za a canza masa tufa, ya kwantar da ita gefen cinyarsa ya rufe. Ma'aikatan ranar suna can ƙarshen ɗaki kan wasu da aka kawo daga haɗarin mota. Jauro ya yi ta cewa, "Babarbare, ina igiyarka? Ku duba mini bawana, ya tsinke turke." Baƙin suka ɗauka wasan ne, suka taya shi dariya. Ya ce ya yi kiran ma'aikaciya, hayaniyar 'yan dubiya ta shanye muryarsa, shi kuma ga ƙafa a rataye.

Na sunkuya na yi wa Yaya magana a kunne. Ya ce in bari su tafi. Ban bari ba, na je na kira wata ma'aikaciya, ta zo ta roƙi baƙin su ba ta wuri. Alhaji ya ce to a yi addu'a. Aka yi doguwar addu'a aka shafa, aka yi sallama ɗaya bayan ɗaya, kowa sai ya riƙe hannunsa. Suka fita ba su san kome ba. Da aka ɗaga rigar, ashe maƙullin bai rufu duka ba, kwalbar kuma tana ƙasa da ƙirjinsa, jini ya gangaro cikin robar ya yi baƙi. Ta ja da sirinji, ba abin da ya taho. Aka kira likita, shi ma ya gwada. Kafin magariba aka zare robar.

Sista ta zo ran Litinin ta tarar da filasta a wurin. Ta daɗe tsaye. Yaya ne ya fara magana.

"'Yata, na yi miki ɓarna."

"Me ya hana ka aika a kira wani, Baba? Da an rufe maka ita yadda ya kamata, ka sa rigarka, ka yi baƙinka."

"Sai a ce ina neman izinin sa riga."

Ta gyara masa matashi, ta tafi neman likita.

Ba a iya mayar da ita a dama ba, wurin ya kumbura. Aka gwada hagu, jijiyar ta ƙi samuwa, aka ce a bari ya huta kada a huda huhu. Kwanakin nan da wata 'yar jijiya a ƙafa aka riƙe shi, ruwan gishiri da sukari kawai, ita ma ta kumbura. Naman da ya tara ya zube ina kallo, hujin da ya kusa rufewa ya sake buɗewa. Da aka samu aka sa ta hagun, Sista ta kula da ita fiye da ta farko, ita da kanta take canza auduga ko ba ranar aikinta ba. Yaya bai ƙara kai hannu kusa da maƙullin ba, hannuwan ma yakan danne su ƙarƙashin cinya. Amma jikin ya riga ya yi rauni. Zazzaɓi ya shigo da rawar sanyi, bakin robar ya yi ja, likita ya ce dole a cire ta, don in cuta ta kama roba jini take bi. Jauro ya daina tsokanarsa. Wata safiya ya ce, "Bawana, tanka mini mana." Yaya ya ɗaga yatsa kawai.

Ya rasu wata Laraba da hantsi, ina riƙe da kansa, ina jiƙa masa leɓe da auduga yadda Sista ta nuna mini. Ya cika da kalmar shahada. Allah ya ji ƙansa, ya sa can ta fi nan.

Na tambayi Sista ko abin da ya faru ran Lahadin nan ne ya kai shi. Ta ce ba za ta faɗi haka ba, don ba ta sani ba. Ciwon babba ne tun asali, kuma ta ga waɗanda aka yi wa kome daidai suka tafi. Sannan ta ce, "Amma robar farkon nan tana da kyau." Ta raka ni har bakin matakala, abin da ban ga ta yi wa kowa ba.

A Kano aka binne shi, ba a jira ba, yadda addini ya ce. Alhaji Lawan ya tsaya kan kome, likkafani da makara da masu haƙa, Allah ya saka masa. Wajen zaman makoki a zaurensa ya yi ta gaya wa masu gaisuwa cewa ikon Allah ne kawai, don su da idonsu sun same shi zaune da rigarsa yana ba su dariya, ba wanda zai ce mara lafiya ne. Ban ce masa kome ba. Mutumin kirki ne, zumunci ya kawo shi, ban ga amfanin in ɗora masa ba.

Na so in aika da saƙo gaba, ba a sami motar Gure a makon ba, na ga ni ne zan riga kowa isa. Dawowar ba ni da abin faɗa a kanta. Na sauka Damagaram, washegari na sami kamyo.

Muka shigo Gure da la'asar. Ina saukowa, masu dako da 'yan tasha suka taso suna yi mini barka. Fataken nan sun riga sun kawo labari tun makonnin baya, Kiyari ya warke, sun gan shi zaune, ya yi ƙiba, sallama kawai yake jira. Wani ya leƙa cikin kamyon yana nemansa, wani ya ce ko ya tsaya Damagaram sayen tsaraba ne. Wasunku kuna wurin. Kun tuna ban amsa ba. Na ɗauki kayana na bi hanyar gida, amma labari ya riga ni, ana cewa ga su nan sun dawo.

An yi wa ɗakinsa sabon yaɓe, an share tsakar gida an zuba sabon rairayi. Tsohuwarmu, da idonta ya daɗe da yin rauni, tana zaune bakin ƙofa tana juya kai wajen da take jin motsi. Fanna ta fito da lalle a hannu da ƙafa, riƙe da ƙwaryar ruwa. Ta ce mini sannu da hanya, ta miƙo ƙwaryar, idonta yana bayana, wajen zaure. Na karɓa, ban sha ba. Ta daɗe tana kallon zauren. Sannan tsohuwa ta ce, "Bukar, tafiyar mutum ɗaya nake ji."